Yatsu Biyu a Idon Taru

Ranar da ƙungiyar masunta ta karɓe awon taru daga hannuna ta damƙa wa Tsinke, har lemo aka raba. Shugaba ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya ce Mai Taru ta yi wa ƙungiya hidima shekara da shekaru, lokaci ya yi da za ta huta. Aka tafa mini. Ni da ko ciwon kai ban kai wa kowa kuka ba, wai in huta. Na kalli hannun Tsinke da ke riƙe da kwalbar lemo, na kalli nawa, nan take na gane irin hutun da ake nufi.

Ga yadda abin yake. A bakin tekunmu, kafin a shiga kamun damina, kowane jirgi sai ya shimfiɗa tarunsa na kamun kifi a kan rairayi. Mai awo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tura yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, cikin idon tarun, wato ramukan saƙar. In sun shige har gindi, taru ya tafi ruwa. In sun cije, a naɗe shi a mayar gida. Dalilin a fili yake. Kifin da bai kai kaurin yatsu biyu ba yaro ne, sai ya bi ta idon ya wuce abinsa, ya girma, ya yi ƙwai, mu haɗu baɗi. Kakanninmu ne suka kafa dokar, kuma ba su faɗi yatsun wa ba, don a zamaninsu ba wanda ya taɓa tunanin tambaya.

Babanmu ne ya riƙe awon har ya rasu, sannan na gada, saboda ni ke saƙa da gyaran taru, kuma saboda na ɗauko hannunsa. Hannu ne da ba a samar masa zobe a kasuwa, sai dai a je wa maƙeri. Ina budurwa na sha kuka a kan hannun nan, kullum yana ɓoye cikin mayafi. Yayana ma irinsa gare shi. Mu biyu kaɗai Baba ya bari, kuma duk ya bar mana wannan shaida. Shi kuwa Tsinke mai sayar da ƙanƙara ne, surukin Shugaba, bawan Allah marar faɗa. Ba ni da abin cewa a kan halinsa. Amma yatsunsa biyu in an haɗa da ƙyar su kai ƙaramin yatsana, har ta hancin buta yana iya zura su ya wanke ciki.

Ba zan ce mugunta ce ta sa ƙungiya yin haka ba. Iska ce ta sa su, ko in ce rashinta.

A da, in zafi ya kai maƙura har mutum ya rasa inda zai sa kansa, sai wata safiya a tashi a ga tutocin jirage sun juya fuska. Iskar damina ta iso ke nan. Takan bi gefen gaɓa ba tsayawa, tana kora ruwan sama mai ɗumi zuwa can tsakiyar teku, sai na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Wannan na ƙasan shi ke ɗauke da takin teku. Kafin ka ce me, ruwa ya rikiɗe daga shuɗi ya koma kore, ya yi kauri, ya riƙa wani ƙarni da ke sa baƙo toshe hanci, mu kuwa muna shaƙa muna hamdala. Ƙananan halittu su cika ruwan, kifi ya bi su ya ci ya yi taiɓa. Baba ba ya jefa taru sai ya tsoma hannu ta gefen jirgi. In sanyi ya kama masa yatsu, sai ya ce, "Ya nuna, ku zuba." In ya ji ɗumi, ko kifi na tsalle a gabansa sai an ƙara gaba.

Yanzu ba wanda ya san ranar zuwan iskar. Ta makara, in ta zo ta ɗan hura kamar mai ciwon ƙirji, ta koma ta kwanta. Teku ya zauna shuɗi garau, kana hango ƙasansa. Masu zuwa ɗaukar hoto suna ta cewa kai, wannan ruwa da kyau yake. In na ji haka raina ɓaci yake, don ruwan da ya yi irin wannan kyan ba komai a cikinsa. Ɗan kifin da ake samu ya rame ya ƙanƙance, ana jan taru yana zurarewa ta ido.

Akwai wata Malama daga ofishin binciken teku da ke zuwa kan gadar da jirage ke tsayawa, tana zura wani ƙarfe da igiya tana auna zafin ruwa daga sama har ƙasa. In rana ta dame ta sai ta fake a rumfata ta gyaran taru. Ran nan na ce mata, "Malama, wai iskar nan fushi take da mu?"

Ta yi dariya tana fifita da mayafi. "Mama, duniya ce ta yi zafi, teku ma ya ɗauka. Abin da ke jawo iskar nan shi ne tudu ya fi teku zafi sosai. To yanzu tekun ma ya ɗumama, sai jan ya yi rauni. Ga shi kuma ruwan sama ya yi zafi ya zauna a kan mai sanyin kamar murfin tukunya. Ƙaramar iska ba ta iya ɗaga shi."

"To yaushe za ta dawo daidai?"

"Wallahi ban sani ba. A wasu wuraren ma ƙarfi ta ƙara, rikicewa dai ta yi. Duk wanda ya yanka miki rana, ƙarya yake miki."

Na ji daɗin yarinyar nan, don ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce abu ɗaya take da tabbas a kai, shekarar da abinci ya yi ƙaranci a ruwa 'ya'yan kifin da ke rayuwa kaɗan ne, kuma su ne irin baɗi. A nan awonta da nawa suka zo ɗaya.

Bayan naɗin Tsinke ba da daɗewa ba, Yaya ya shigo rumfata da ƙunshi a kafaɗa. Tarun Baba na rataye a jikin katako ina ɗinke inda dutse ya yaga. Jirgi da taru Baba ya bar mana, ba mu taɓa raba su ba. Yaya ke tuƙi da kamu, ni ke riƙe da taru in ya dawo. Kowane ƙulli a jikinsa ko na Baba ne ko nawa, kuma duk a kan ɗan katakon awo ɗaya aka ɗaura su, wanda Baba ya sassaƙa daidai faɗin yatsunsa.

Ya zube ƙunshin a gabana. Raga ce ta kanti, mai ƙananan idanu, da ƙyar ƙaramin yatsana ya leƙa ciki.

"Auta, ki shimfiɗa mini wannan a jakar tarun. Daga ciki kawai. Ba sai kin taɓa saƙar Baba ba."

Har yau Auta yake ce mini, ga furfura ta cika mini kai. Jakar taru kuwa ita ce tsakiyarsa, inda kifi ke haɗuwa in an ja.

Na ce, "Sauro za ka kama, Yaya?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma ba wasa nake ba."

"Kowa ya sa, Auta. Jirgin da bai sa ba namu ne kaɗai. Bara kin ga abin da ya faru, muna ja kifi na zubewa. Kuma ba duka ne yara ba. Da yawansu manya ne, yunwa ce ta hana su girma. Kin fi kowa sani."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara ba ni haushi. Na ce, "Na sani. To ragar nan tana tambayar kifi shekarunsa ne kafin ta riƙe shi? Uwa da ɗa da jika za ta haɗa."

"In ban kama ba wani zai kama. Kina tsammani wanda ya tsere ta tarunmu zai kai baɗi? A tarun da ke bayanmu zai faɗa."

"Ya faɗa a na wani. Ba a na Baba ba."

Sai ya ɗaga murya, abin da bai saba yi mini ba. "Baba ya mutu teku na kore! Bai taɓa shiga gida da kwando wayam yara na leƙawa ba!"

Wannan maganar ta shige ni, har allurar katakon da ke hannuna ta tsaya. Na san yaran. Ni na yi musu wankan jarirai. Amma da na sake kallon ragar sai taurin kaina ya dawo.

"Hannun nan ba zai ɗinka ta ba," na ce.

Ya leƙa waje ya kira mutanen jirginsa, suka sauke tarun suka naɗe, da yagewar da ban gama ɗinkewa ba da komai. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "An ce ki huta da awo. To ki huta da tarun ma." Suka kai shi wajen wani sabon mai gyara da ya kafa benci a bayan shagon ƙanƙara, mutumin da ko ƙulli bai iya ɗaurewa ba sai ya sa haƙori. Ni mijina ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ni haihuwa ba. Abin da ya rage mini a duniya taru ne da Yaya, kuma ina zaune suka fita ta ƙofa ɗaya. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, amma sai da na ja labule.

Rumfa ta mutu murus. Wanda ya kawo taru sai ya zo da ragar kanti a ƙarƙashin hammata, in na ce a'a ya kwashe kayansa. Na koma ɗinkin ragar ƙwallo ta samarin unguwa, da buhunan albasa, har da wani lilo na wani otal da baƙi ke kwanciya a kai suna kallon shuɗin ruwa. Masu ƙwallon ma sai da suka tambaye ni ko zan rage idon ragarsu. Na ce su fita mini da gani kafin in huce haushin wani a kansu.

Wasu ma ba su jira ranar awo ba. Suna zagayawa bakin kogi da ƙananan kwalekwale, su dawo su baza abin da suka kamo a kan tampol. Na je na gani da idona. 'Ya'yan kifi ne, kowane bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, idanu ne kawai da ƙaya. Ba sa gasuwa, ba sa ƙyafuwa. In sun bushe sai wata mota ta zo ta kwashe a buhu, wai a niƙa a yi abincin kaji. Na tsaya ina kallo har mai tampol ɗin ya ce in matsa, inuwata na hana kayansa bushewa.

Ana cikin haka matar Yaya ta zo. Na gyara zama don na ɗauka faɗa ya kawo ta, kuma a shirye nake. Amma sai ta zauna a kan buhu tana murza gefen zane.

"Gwaggon yara," ta ce, "jiya tukunya na ɗora da ruwa zalla, ina ce musu ya kusa, ya kusa, har suka gaji suka fita wasa."

"Ki turo su nan. Abin da na samu mu raba."

"Ba bara na zo ba. Ke bakinki ɗaya, kina iya yin taurin kai da shi."

Ta san inda ke mini ciwo, nan ta taɓa. Ta ci gaba ta ce tun da aka kai tarun nan bayan shago, mijinta bai je ya duba shi ba. Ko hanyar ba ya bi. Abinci sai ya tsakura ya ture, kullum hannu a aljihu kamar mai jin sanyi.

"Kalma ɗaya nake roƙo," ta ce. "Ki ce masa ba komai. In ke kika faɗa, zai ji kamar mahaifinku ne ya faɗa. Sai ya samu ya ciyar da gidansa hankali kwance."

"Ba zan ce ba komai ba, don da komai."

Ta miƙe ta kaɗe zane. Na ɗebo mata ɗan hatsin da ke gare ni a leda, ta kalle shi ta wuce. Sai daga baya na aika aka ajiye mata a bakin ƙofa, kuma ba a dawo da ledar ba.

Ana gab da ranar awo iskar ta ɗan motsa. Tutoci suka juya da ƙyar. Wani siririn layin kore ya bayyana kusa da gaɓa, bai kai faɗin filin ƙwallo ba. Malama ta zura ƙarfenta ta ce sanyin ya ɗan taso amma bai da zurfi, in iskar ta kwanta zai koma. Duk ɗan kifin da ke yankin ya tattaru a cikin layin nan yana ci. Gari ya ɗauki murna, ana ta gyaran inji.

Ranar awo da hantsi na ɗaura zane tam, na soke wuƙar aikina da katakon awon Baba a ƙugu, na nufi bakin ruwa. Rairayi ya cika da taruna a shimfiɗe, mutane tsaye a kansu. Tsinke na tafe yana durƙusawa, Shugaba na bayansa da laima. Na lura shi kansa Tsinken sai ya murza yatsu kafin su leƙa, kuma da farce ya ɓullo ta ɗaya gefen sai Shugaba ya ce, "Ya wuce." Maganar har gindi kuwa an bar ta a gida.

Da aka gan ni sai surutu ya ragu. Na bi ta tsakanin tarunan ban taɓa na kowa ba, har na kai ga na Baba. An riga an auna shi, mutanen Yaya sun kama gefe za su naɗe. Na hau kan jakarsa na tsaya. Ragar kantin na ciki, an ɗinka ta a karkace, ko yagewar nan ba a rufe da kyau ba.

Shugaba ya dawo da laimarsa. "Mai Taru, lafiya? Ai mun ce ki huta."

"Na huta, ranka ya daɗe, har hutun ya gundure ni."

"Mai awo ya auna. Doka ta ce yatsu biyu, kuma yatsu biyu sun shiga. Kowa shaida ne."

"Ban zo kan tarun kowa ba. Kowa ya san abin da zai faɗa wa 'ya'yansa. Amma wannan da haƙƙina a ciki, kuma ban yarda da awon ba."

Tsinke ya matso yana goge hannu a riga. "Wallahi, Yaya Mai Taru, ni sa ni aka yi."

"Na sani, ɗan'uwana. Ba kai ka halicci yatsunka ba."

Wasu suka fashe da dariya, suka yi saurin rufe baki. Shugaba ya haɗe rai. "Ke an sauke ki. Ko kin auna, awonki ba ya aiki a nan."

"Ba ni zan auna ba."

Na juya wajen Yaya. Yana tsaye can gefe kusa da jirgi, hannu a aljihu, yana kallon teku kamar bai san ana yi ba.

"Yaya," na ce, "zo ka sa hannunka."

Ya juyo a hankali. "Auta, kar ki tozarta ni a gaban mutane."

"In ya shiga, wallahi da kaina zan taya ku ɗora shi a jirgi, kuma ba za ka ƙara jin bakina ba har in mutu. Zo ka sa."

"Ki sauka daga kan tarun nan."

"Sai dai ku naɗe da ni."

Na san halin Yaya. Ba ya son ido, kuma ga idon gari duka a kansa. Na kuma san in ya juya ya tafi, shi ke nan tsakaninmu, ko a makabarta sai dai a gaisa daga nesa. Amma ban sauka ba.

Ya tako ya zo ya durƙusa a gabana. Ya zaro hannun daga aljihu. Rabon da in ga hannun nan a kan taru na manta, kuma da ya shimfiɗa shi a kan saƙar sai na ga hannun Baba sak. Dattawan da ke wurin suka matso. Sun san hannun. Shekaru suka yi suna jiran ya shiga idon tarunsu kafin su tafi ruwa.

Ya haɗa yatsu biyu ya ɗora a kan ragar kanti. Suka tsaya a bakin farce.

"Yara na jin yunwa, Auta," ya ce, ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

"Na sani. Ni ma ina ji. In ka kwashe wannan, baɗi ma za su ji, da baɗin baɗaɗa, kuma ranar ba ragar da za ka sayo."

Ya zuba wa yatsun ido. Sai na ga jijiyar hannunsa ta tashi. Ya danna. Zaren roba ne, ba ya tsinkewa da daɗi, sai da ya yanke shi a gefen farce jini ya fito. Bai fasa ba, ya ci gaba da dannawa har zaren ya ce tas, yatsun suka shige har gindi. Sannan ya buɗe su, ya sa ɗaya hannun, ya ja. Ragar ta yage tun daga gabansa har ƙarƙashin ƙafata.

"Ba ni wuƙar," ya ce.

Na miƙa masa, na sauka na durƙusa kusa da shi. Yana yanke ɗinkin, ina zare ragar.

Ba wanda ya tafa, kuma ba wanda ya koma ya duba tarunsa. Babba a cikin mutanen jirginsa, wanda ya fi shekara goma yana jan igiya tare da shi, ya matso ya cire hula. "Mai jirgi, mu fa da iyali. In da tsohon ido za ka fita, ka yi haƙuri da mu." Yaya ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a. Suka watse cikin sauran jirage, kowa ya samu gurbi. Shugaba ya sunkuyo ya tuna mini cewa rumfata a kan filin ƙungiya take, in fara neman wani wuri. Na ce ya turo Tsinke ya ɗaga ni da yatsunsa.

Da na ɗaga kai sai na hango matar Yaya a bayan mutane, da kwando a hannu. Ta yi mini wani kallo da har yau yana nan a raina, ta juya ta tafi. Ban ga laifinta ba.

Jirage suka tada injina suka shiga ruwa. Muna nan zaune a kan rairayi, ni da Yaya, ina rufe yagewar nan a kan katakon Baba, shi yana riƙe mini zare da yatsa ɗaure da tsumma. Kafin la'asar suka fara dawowa, jirage kamar za su nutse don nauyi, ana ihu ana kiran masu tampol. Motar abincin kaji har ta iso tana jira. Yaya bai ɗaga kai ba.

"Wa zai ja mana igiya?" ya ce.

"Ni."

"Ke da wannan gwiwar taki?"

"Da gwiwa ake ja ko da hannu?"

Washegari da safe muka fita. Ni da shi, da wasu tsofaffi biyu da jirage suka daina ɗauka, ɗaya ba ya ji sosai, ɗayan kuma ba ya yin shiru. Rabona da shiga jirgi tun ina yarinya. Muka kai layin koren nan, har ya ƙara sirancewa. Muka zagaye muka zuba, muka kama ja. Igiya ta ci mini tafin hannu, bayana kamar zai ɓalle. Da jakar ta ɗago saman ruwa sai ta yi fari fat da 'ya'yan kifi, suna ta zubowa ta kowane ido suna komawa ruwa, dubbai a kan dubbai. Tsoho mai surutu ya dafe kai yana salati, yana cewa ga abinci na tafiya muna kallo. Ni kuwa ina kallo, daɗi da baƙin ciki sun haɗu, ban san wanda ya fi yawa ba.

Abin da ya rage a ƙasan jakar bai rufe gindin kwando ba. Yaya ya zaɓi masu ɗan dama-dama ya ware gefe, na san na gida ne. Sannan ya tada inji ya nufi gaba, inda ruwan ya koma shuɗi, ko a dace da manya a can. Tutar jirginmu ta sauke kai, ko motsi ba ta yi.

Can ya kashe injin. Ya sunkuya ta gefen jirgi ya tsoma hannunsa, da tsumman da komai, ya daɗe yana saurare.

"Da ɗan sanyi-sanyi," ya ce.

Na sunkuya na tsoma nawa kusa da nasa. Ruwan ɗumi ne, irin wanda ake yi wa jariri wanka da shi.

"Ƙarya kake, Yaya."

"Na sani," ya ce. Ya fitar da hannun ya yarfe, ya miƙo mini bakin igiya. "Kama nan, Auta. Ku zuba."

Muka zuba.